Farantin Tsaraba na Gidajen Abincin Disney: Me Ke Ɗaga Darajarsa, Me Ke Karya Ta?

A garin Urayasu da ke lardin Chiba, daf da birnin Tokyo na ƙasar Japan, akwai manyan wuraren shaƙatawa guda biyu da ke maƙwabtaka da juna, wato Tokyo Disneyland, wanda aka buɗe ranar 15 ga Afrilun 1983, da Tokyo DisneySea, wanda ya biyo baya ranar 4 ga Satumban 2001. Wani kamfani na Japan mai suna Oriental Land ne ya mallake su, yana biyan kamfanin Disney na Amurka kuɗin izinin amfani da suna da zane-zane. Wanda ya shiga layi a ɗaya daga cikin ƙananan gidajen abincin da ke ciki zai tarar da yankan kek guda ɗaya mai farashi biyu a kan allo, na kek ɗin shi kaɗai, da na kek ɗin haɗe da farantin da za a tafi da shi gida, kuma tazarar da ke tsakanin farashin biyu wasu ɗaruruwan yen ne kawai, wato kuɗin Japan. Farantin ƙarami ne, faɗinsa bai cika wuce taƙi guda ba, an zana Mickey Mouse ko ɗan beyar nan Duffy a kansa cikin tufafin bikin da ake ciki, wani lokacin har da shekarar. Da zarar lokacin bikin ya wuce, na Kirsimeti ne ko na Halloween ko na cikar shekaru, sai a janye shi daga kanta a kawo sabo. Bisa al'adar wurin, ba a sayar da farantin shi kaɗai, sai ga wanda ya sayi abincin.

Kafin rana ta faɗi a ranar farko, irin wannan faranti ya riga ya bayyana a Mercari, manhajar cinikin kayan hannu da aka kafa a Japan a 2013, da kuma eBay, kasuwar intanet ta Amurka, a kan kuɗin da ya zarce na kanta. Ganin haka ne ya sa mutane da yawa suke zaton sun gano hanyar ajiyar dukiya: a saya da araha, a adana cikin kwali, bayan shekaru a sayar da tsada. A nawa ganin, mafi yawan waɗannan farantai ba za su mayar wa mai su ko da uwar kuɗinsa ba idan aka yi lissafi na gaskiya, kuma 'yan kaɗan ɗin da suke yin tsada suna yin ta ne bisa dalilan da ba su da alaƙa da abin da aka rubuta a allon talla. Batun ya cancanci a warware shi a tsanake, domin an taɓa cin irin wannan kasuwa a baya, ta cika ta batse, sannan ta watse ta bar iyalai masu yawa da kwalaye jibge a ɗakin ajiya.

Al'adar fitar da faranti na musamman duk shekara ta samo asali ne daga ƙasar Denmark. A 1895 Harald Bing na kamfanin Bing & Grøndahl da ke Copenhagen ya fitar da farantin Kirsimeti na farko, mai launin shuɗi da fari, ɗauke da hoton hasumiyoyin birnin kamar yadda ake hango su ta tagar da ƙanƙara ta lulluɓe. Kimanin guda 400 aka yi, aka kuma kafa al'adar fasa mazubin da aka ƙera farantin kowace shekara a cikinsa, don kada a sake yin wani irinsa. Kamfanin Royal Copenhagen ya bi sahu a 1908. Har yau farantin 1895 yana kaiwa dubban daloli, kuma dalilin a bayyane yake. Kaɗan aka yi tun farko, waɗanda suka saya ba su san cewa zai zama wani abu ba, don haka suka yi amfani da shi kamar kowane kwano, wasu suka fashe, wasu suka ɓace a ƙaura da yaƙe-yaƙe. Sannan duk wanda ya fara tara jerin daga baya, komai daren daɗewa sai ya nemi na farkon, domin jeri ba ya cika sai da kansa. Yawan masu nema yana ƙaruwa, yawan abin da ya tsira yana raguwa.

'Yan kasuwar Amurka sun ga wannan labari, sai suka nemi su ƙera shi da gangan. A 1970 kamfanin Franklin Mint ya fitar da farantin azurfa mai ɗauke da zanen Norman Rockwell, shahararren mai zane na Amurka, a 1971 kuma kamfanin Goebel na Jamus ya fara jerin farantan Hummel masu hotunan yara na shekara-shekara, wanda na farkonsu ya yi tashin gwauron zabo a hannun masu tarawa har ya kai ɗaruruwan daloli. A 1973 J. Roderick MacArthur ya kafa Bradford Exchange a kusa da Chicago, ya tsara shi kamar kasuwar hannayen jari, kowane faranti da lambarsa, ana wallafa farashin da aka ce ya kai, mai saye da mai sayarwa suna haɗuwa ta hannun kamfanin. Mujallu suka cika da talla, ana aika farantai gida-gida ta gidan waya, kowanne da takardar shaida da lamba a bayansa. A nan ne aka shigo da wata dabara da ya kamata kowa ya fahimce ta, domin ita ce zuciyar batun. Maimakon a ce faranti dubu kaza aka yi, sai a rubuta cewa an taƙaita shi ga kwanakin gashi 100 ko 150, ma'ana kwanakin da murhun masana'anta zai yi yana gasa wannan zanen. Mai saye yana jin kalmar taƙaitawa sai hankalinsa ya kwanta, alhali murhun masana'anta yana iya gasa dubbai a yini guda. Kwanakin ne aka ƙayyade, yawan farantan kuwa yana bin yawan odar da ta shigo.

Abin da ya tona asirin wannan kasuwa shi ne intanet. Kafin a kafa eBay a 1995, wanda yake neman farantin wata shekara sai ya bi shaguna ɗaya bayan ɗaya ko ya dogara da dillali, kuma wahalar neman ce take sa ya ɗauka cewa abin ba shi da yawa a duniya. Da kowa ya sami damar ɗaukar hoton abin da ke kabad ɗinsa ya baje a kasuwa guda, sai aka ga cewa faranti ɗaya yana hannun dubban mutane, dukkansu cikin kwalinsa, dukkansu da takardar shaida, babu ko ƙwarzane. Masu sayarwa suka rinjayi masu saye, farashi ya zube. Yau mafi yawan farantan wancan zamani ana sallama su a kan 'yan daloli, ƙasa da kuɗin da aka saye su, sau da yawa ma kuɗin aikawa ya fi kuɗin kayan. Na azurfa sun ɗan tsira, domin ko ba mai son zanen akwai mai son ƙarfen, za a ɗora shi a sikeli a biya kuɗin nauyinsa. Tangaran kuwa yumɓu ne da aka gasa, ba shi da wani kuɗi da zai faɗo ya tsaya a kansa idan sha'awar mutane ta kau.

Darasin da ke cikin wannan tarihi yana da ɗan wuyar karɓa, amma ba shi da wuyar ganewa. Abin da aka ƙera don a adana, kowa zai adana shi, kuma abin da kowa ya adana ba ya ƙaranci. Tsufa shi kaɗai ba ya haifar da tsada. Abin da ke haifar da ita shi ne a ce masu nema sun fi abin da ya rage yawa, kuma hakan ya fi faruwa ga kayan da a lokacinsu ba wanda ya ga dalilin ajiye su.

Idan aka auna farantan Tokyo da wannan ma'auni, abu na farko da za a duba shi ne yawan jama'a. A shekarar kuɗi ta 2018, wadda ta zo daidai da bikin cikar wurin shekara 35, mutum sama da miliyan 32 ne suka shiga wuraren biyu. Ko da kashi ɗaya cikin ɗari na baƙin wani zango ne suka ɗauki faranti, adadin ya wuce abin da za a kira ƙanƙani. Farantin ba ya ɗauke da lambar da ke nuna nawa aka yi, abin da aka taƙaita shi ne makonnin sayarwa, kuma wannan ɗan'uwan kwanakin gashi ne. Ƙari a kan haka, Japanawa suna da al'adar tsaraba mai ƙarfi wadda suke kira omiyage, kuma sun shahara wajen tattalin kaya, don haka kaso mai yawa na waɗannan farantai yana komawa gida a naɗe, a jera shi a kabad ba tare da ya taɓa ganin ruwan wanke-wanke ba. Bayan shekara goma, duk lokacin da wani iyali ya tashi ƙaura ko ya yi sharar ɗaki, sai farantan su fito kasuwa a tare, sababbi fil, suna gogayya da juna.

To, me ya sa farashi ke tashi a makon farko? Wanda ya biya ninki biyu a Mercari, a haƙiƙa kuɗin tafiya da jira yake biya. A Oktoban 2023, tikitin shiga na yini ɗaya ga babban mutum ya koma tsakanin yen 7,900 zuwa 10,900 gwargwadon ranar, ban da kuɗin jirgin ƙasa da sa'o'in tsayuwa a layi. Ga mazaunin Sapporo ko Fukuoka, balle na Taiwan ko Amurka, ƙarin da dillali ya ɗora ya fi masa sauƙi a kan ya zo da ƙafarsa. Faɗuwar darajar yen, wadda a tsakiyar 2024 ta haura 160 a kan dala ɗaya, ta ƙara kwaɗaitar da masu saye daga waje. Sai dai wannan tsada ce ta ɗoki, tana da ajali. An ga misalinta ƙarara a wurin shaƙatawa na EPCOT da ke jihar Florida a Janairun 2022, lokacin da aka fitar da bokitin gugguru mai siffar Figment, wani dodo mai launin shunayya, a kan dala 25. Mutane sun shafe sa'o'i masu yawa a layi, a ranar kuma aka riƙa ganinsa a eBay a kan fiye da dala 100. Da kamfanin ya ƙaro kaya, sai zafin kasuwar ya huce. Wannan haɗari yana tare da duk abin da mai shi yake raye kuma masana'antarsa take aiki, domin makullin ƙaranci yana hannunsa, ya ga dama ya sake bugawa gobe, ko ya fitar da wani mai kama da shi baɗi wanda ya fi kyau.

Lissafin mai sayarwa ma yana da ramukan da ba a gani daga nesa. A ɗauka, don misali kawai, wani ya sallama farantinsa a Mercari a kan yen 2,000. Manhajar za ta cire la'adarta ta kashi 10 cikin ɗari, wato yen 200. Kuɗin aikawa zai ci wasu ɗaruruwa, kuma da yake abin mai fashewa ne dole a sayi kwali da abin naɗi mai kauri. Sai a cire kuɗin farantin da na kek ɗin da aka tilasta masa saye, sannan a raba kuɗin tikiti a kan yawan kayan da ya ɗauko a ranar. Abin da zai rage, in ma ya rage, ladan wuni ne a tsaye. Waɗanda suke samun riba a wannan sana'a su ne masu ɗibar kaya da yawa su juyar da su cikin kwanaki, kafin kasuwa ta yi sanyi. Mai ajiye faranti ɗaya ko biyar na tsawon shekaru yana wata harka ce dabam, kuma idan aka haɗa da hauhawar farashin kayan masarufi a tsawon lokacin, ko ya sayar a kan kuɗin da ya saya, asara ya yi.

Duk da haka akwai waɗanda suke riƙe daraja, kuma labarin Duffy yana nuna yadda hakan ke faruwa. An fara sayar da wannan ɗan beyar a Walt Disney World na Florida a 2002 ba tare da ya yi kasuwa ba. Kamfanin Oriental Land ya ɗauko shi zuwa DisneySea, aka raɗa masa suna Duffy a 2005, aka ƙaga masa labari cewa Minnie, budurwar Mickey, ce ta ɗinka shi da hannunta don ya raka Mickey tafiyar teku, aka ba shi mazauni a unguwar Cape Cod da ke cikin wurin. Daga nan ya zama abin so na musamman ga baƙi, musamman mata matasa da manya, aka yi ta ƙaro masa abokai: ShellieMay a 2010, Gelatoni a 2014, StellaLou a 2017, sai LinaBell da ta fara bayyana a Shanghai a 2021 ta jawo dogayen layuka. A Japan, DisneySea ne gidan kayan Duffy, don haka wurin samunsu ƙuntatacce ne, masu son su kuma sun bazu har China da Hong Kong da Taiwan. Farantai da kofuna na shekarun farko, waɗanda aka yi kafin jama'a su gane cewa beyar zai shahara, su ne suka fi kama da farantin Denmark na 1895, domin sababbin masoya da suka shigo daga baya suna komawa neman abin da ya wuce su. Na shekarun baya-bayan nan kuwa, an yi su da yawa don kasuwar da aka riga aka san girmanta.

Mataki na sama da wannan shi ne kayan da tun asali ba na sayarwa ba ne. A 2018 gidan gwanjo na Van Eaton Galleries da ke California ya yi gwanjon tarin kayan Disneyland ta Amurka na wani mai tarawa, Richard Kraft, aka tashi da sama da dala miliyan 8, inda wani keken sama na Skyway, wanda aka daina aiki da shi a 1994, ya kai dala 621,000 shi kaɗai. Irin wannan labari ne yake ruɗar masu ƙananan farantai, alhali abin da ya ba keken tsada shi ne cewa wani yanki ne na wurin kansa, miliyoyin mutane sun hau irinsa suna yara, kuma ba za a sake ƙera shi ba. A ɓangaren gidajen abinci ma haka zancen yake. Takardar jerin abinci ta gidan da aka rufe, kamar Tahitian Terrace na Disneyland da ya yi aiki daga 1962 zuwa 1993, ko kayan Club 33, gidan cin abincin da aka buɗe a 1967 wanda sai mambobi da baƙinsu suke shiga, sun fi jan hankalin manyan masu tarawa a kan farantin da aka jera a kanta aka ce kowa ya saya. Rufe wuri ko rushe shi yana yanke hanyar samun sabo, yana kuma tayar da begen waɗanda suka san shi.

Wanda ya riga ya mallaki faranti yana son sanin matsayinsa, sai ya fara da juya shi ya dubi bayansa. Tambarin da ke gindin faranti ya fi zanen fuskarsa ba da labari. Kamfanin Disney ya yi amfani da sunan Walt Disney Productions har zuwa 1986, lokacin da ya koma The Walt Disney Company, don haka duk kayan Tokyo Disneyland da ke ɗauke da tsohon sunan, kusan tabbas na shekarun farko ne bayan buɗewar 1983, kuma wannan ɗan gajeren zango ne. A nan ne kuma ake ganin ƙasar da aka ƙera shi da kayan da aka yi shi da su, tangaran ne ko melamin, wato robar nan mai tauri da ake yi wa yara kwanuka da ita. Bayan haka sai a ɗora farantin a kan yatsu uku a ƙwanƙwasa bakinsa da farce. Tangaran mai lafiya yana amsawa da ƙara mai tsawo kamar ƙaramar ƙararrawa, wanda yake da ɓoyayyar tsaga kuwa sai ya yi wata gajeriyar ƙara a dushe. A karkata shi a gaban taga don haske ya kwanta a kansa, nan za a ga sawun cokali, ko siraran layuka masu kama da saƙar gizo a cikin ƙyallin da aka shafe fuskar farantin da shi. A shafa zanen da kan yatsa: idan aka ji ɗan tudu a gefensa, to an manna shi ne a saman ƙyallin aka gasa da wuta marar tsanani, kuma irinsa yana koɗewa da wanki, saɓanin shuɗin Denmark da ke ƙarƙashin ƙyalli. Ɗan ɓalli a baki, wanda bai kai ƙwayar gero ba, ya isa ya kori mai saye, tun da ya san akwai wasu masu yawa marasa aibi.

Wajen gano farashi kuma, akwai kuskuren da kusan kowa yake yi, wato ɗaukar kuɗin da mai kaya ya yanka a matsayin kuɗin kaya. Kowa yana iya baje farantinsa a eBay ya rubuta dala 300, ya kuma yi shekara a nan yana kwantai. Farashi na gaskiya shi ne inda tayi da sallama suka haɗu, kuma eBay da Mercari duka suna ba da damar a tace a ga kayan da aka riga aka sayar kaɗai. A duba guda nawa aka sayar a watannin baya, a kwatanta da guda nawa ke jiran mai saye. Idan ana jiran mai saye da hamsin alhali biyu aka sayar, to an sami amsa. Wanda ya gina lissafinsa a kan kuɗin da wasu suka yanka, cinikin biri a sama yake yi.

Akwai kuma batun zamani, wanda yake aiki a hankali amma ba ya kuskure. Mutum ya fi neman abin da ya so yana yaro a lokacin da ya girma ya sami abin hannunsa, don haka kasuwar kowane irin kaya tana tashi tare da tsara guda, tana kuma tsufa tare da ita. Farantan Rockwell da Hummel sun faɗi ne har da dalilin cewa waɗanda suka ƙaunace su sun manyanta, 'ya'yansu kuma ba su da sha'awar rataye faranti a bango. Mu ma mun san irin wannan a ɗakunan iyayenmu mata, inda jeren samiru da fanteka da tasoshi ya kasance ado kuma ajiya, wadda ake iya cirewa a sayar ranar buƙata, har zuwa lokacin da idon 'yan mata ya koma kan tangaran da kuloli, kwanukan suka rasa masu tayi. Disney yana da wata fa'ida a nan, domin kullum yana samun sababbin yara, amma babu tabbacin cewa yaran da ke rungumar Duffy a yau za su so faranti idan sun kai shekara arba'in.

Wani ɓangare na wannan kasuwa yana damuna ƙwarai, kuma bai kamata a tsallake shi ba. Idan aka ɗaure tsaraba da abinci, mai neman riba yana sayen abincin ne don dole, kuma ba zai iya cinye kek goma ba. Japanawa suna kiran masu wannan sari-ka-sayar tenbaiya, kalmar da ke ɗauke da zargi. A Agustan 2025 kamfanin McDonald's na Japan ya nemi afuwa a bainar jama'a bayan rabon katunan Pokémon tare da abincin yara ya ƙare da hotunan abinci a yashe ba a taɓa ba, yayin da yaran da aka yi abin dominsu suka koma gida hannu rabbana. Kamfanin Oriental Land ma yana ƙayyade yawan abin da mutum ɗaya zai saya daga kayan da ake rububinsu, wani lokacin kuma sai an nemi gurbi ta manhaja kafin a shiga shago. Wanda ya sayi faranti da tsada a makon farko daga hannun irin waɗannan dillalai, ya sani cewa kuɗinsa yana cikin abin da ke ciyar da wannan almubazzaranci gaba.

Darajar da ba ta shiga duk wannan lissafi ita ce wadda ta sa aka ƙirƙiri farantin tun farko. Uwar da ta kai 'yarta DisneySea ranar da ta cika shekara bakwai, suka raba yankan kek a Cape Cod, ta dawo da abin da zai riƙa tuna musu da wannan yini duk lokacin da aka ɗora masa biskit da la'asar, kuma ɗaruruwan yen ba su yi yawa a kan haka ba. Farantan gidajen abincin an yi su ne don a ci a kansu, saɓanin da yawa daga cikin farantan ado na Amurka da aka rubuta wa gargaɗi a baya cewa ba na abinci ba ne, saboda launukansu na iya ƙunsar dalma. Sai dai na melamin da masu zaren zinariya a baki ba a saka su a na'urar ɗumama abinci ta makirowef, kuma wankin hannu da soso mai laushi ya fi tsawaita ran zanen. Wanda ya zaɓi ya jera nasa, ya nisanta na melamin daga hasken rana kai tsaye, ya kuma fifita ƙaramar madogara ta katako a kan maratayin waya, wanda haƙoransa suke cin bakin faranti a hankali. Idan za a ɗora su kan juna, a sa ƙyalle ko takarda mai laushi a tsakani, domin gindin na sama ba shi da ƙyalli, yana goge fuskar na ƙasa. Rasit ɗin gidan abincin, wanda shi ne ke ɗauke da sunan wurin da kwanan wata, galibi a kan takardar nan mai santsi ake buga shi wadda rubutunta yake dishewa cikin 'yan shekaru, don haka a ɗauki hotonsa ko a kwafe abin da ke ciki da biro a ajiye tare da kwalin tun a makon da aka dawo.